Rita Levi-Montalcini: Bayahudiyar da ta mai da ɗakin kwananta ɗakin awo

Ran 30 ga watan Disamba na shekara ta 2012, wata tsohuwa mai suna Rita Levi-Montalcini ta rasu a gidanta da ke birnin Roma na ƙasar Italiya, tana da shekara 103 a duniya. Bayahudiya ce, likita, kuma ma'aikaciyar ɗakin awo, wato laboratuwar. A cikin dukan waɗanda suka taɓa samun kyautar Nobel, ita ce ta fara cika shekara 100 da ranta. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne irin kayan da ta kafa harsashin aikinta da su: ƙwan kaji, allurar ɗinki, dutsen washi da hantsakin mai gyaran agogo. In aka ɗebe madubin likita, wato mikiroskop, babu abin da mutum zai nema ya rasa daga cikinsu ran kasuwa a Dogo-Dogo ko a Dungas.

An haife ta a birnin Torino, arewacin Italiya, ran 22 ga watan Afirilu na 1909. Tagwaye ne, ita da ƴar uwarta Paola, wadda daga baya ta yi suna wajen zane. Mahaifinsu, Adamo Levi, injiniyan lantarki ne, mutum mai son ƴaƴansa amma mai kafiya. A ganinsa, in mace ta yi zurfi a karatu har ta kama aiki, to miji da ƴaƴa ne za su ji a jikinsu. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnen mutanen ƙasar Hausa. Saboda haka ya tura ɗansa namiji, Gino, jami'a ya zama mai zanen gine-gine, ƴan matan kuwa ya sa su makarantar da ke koyar da tarbiyya da zaman gida, wadda takardarta ba ta buɗe ƙofar jami'a.

Rita ta gama wannan makaranta ta zauna gida, ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ana nan sai Giovanna, matar da ta rene su tun suna ƙanana, ta kamu da ciwon daji na ciki, ta rame a kan idonsu har ta cika. Wannan rashi ne ya sa Rita, tana da shekara 20, ta tunkari mahaifinta ta ce ita likita take so ta zama. Dattijon ya faɗa mata ƙarara cewa bai ga dacewar haka ba, amma ya ce ba zai tare mata hanya ba. Cikin wata 8 ta koyi Latin da Girkanci da lissafin da aka hana ta a baya, ta ci jarrabawa, ta shiga sashen likitanci na jami'ar Torino a 1930. Mahaifin ya rasu a 1932, bai ga abin da sassaucin nasa ya haifar ba.

A jami'a ta faɗa hannun wani malami mai suna Giuseppe Levi, wanda suna kawai suka haɗa, babu dangantaka. Mutum ne mai faɗa, mai tsawa, wanda ba ya yafe ganganci ko ƙanƙane, kuma ba ya ɓoye ƙiyayyarsa ga mulkin Mussolini. Aikin da yake ba ɗalibai ba mai daɗi ba ne: a yanka tsokar jiki siriri fiye da fatar albasa, a rina ta, a shimfiɗa bisa gilashi, a zauna ana ƙidayar ƙwayoyin jijiya ɗaya bayan ɗaya har ido ya yi ja. A wurinsa Rita ta ƙware wajen rini da ruwan azurfa, wanda ke sa zaren jijiya ya fito baƙi, a bi shi da ido kamar yadda ake bin sawu a rairayi. Uku daga cikin ɗaliban wannan malami sun sami Nobel daga baya: Salvador Luria a 1969, Renato Dulbecco a 1975, sai ita. Ta sami digirinta na likita a 1936 da yabo mafi girma.

Dokar 1938

Gwamnatin Mussolini ba ɓoyayya ba ce ga mutanen wannan yanki na Afirka. Ita ce ta rataye Shehu Umar Mukhtar a Libiya a 1931, ita ce ta auka wa Habasha a 1935, kuma a can ta fara gwada dokar wariyar launin fata, inda a 1937 ta mai da zaman aure tsakanin Ba'italiye da baƙar mace laifin ɗauri. A 1938 sai ta juyo gida, kan Yahudawan Italiya, waɗanda yawansu bai wuce wajen 45,000 ba. Aka kore su daga makarantu, malamai da ɗalibai, aka kore su daga aikin gwamnati da na soja, aka hana su auratayya da sauran jama'a. Ma'aikaci zai gane nauyin abin: mutum ya wayi gari an soke sunansa daga rajista, bai ci amana ba, bai yi fashin aiki ba, laifinsa kawai gidan da aka haife shi. Gidan su Rita ma ba masu riƙon addini ba ne, amma dokar ba ibada take tambaya ba, jini take tambaya.

Ta tafi Burusel ta ƙasar Beljik ta yi ƴan watanni a wata cibiyar binciken jijiya, ta komo gida kafin sojojin Jamus su mamaye ƙasar a 1940. Da farko ta shiga duba talakawan unguwa a ɓoye, kyauta, amma ba ta da ikon sa hannu a takardar sayen magani, sai ta nemi wani likita wanda ba Bayahude ba ya sa mata. Abin bai ɗore ba.

A cikin 1940, tana tafiya a taragon da a da dabbobi ake ɗauka a ciki, don sojoji sun kwashe na fasinja, ta karanta wani rahoto da wani masani mai suna Viktor Hamburger ya buga a Amurka tun 1934. Hamburger ya lura cewa in aka cire tsiron fiffike daga jikin ɗan tsako tun yana cikin ƙwai, ƙwayoyin jijiyar laka da ya kamata su kula da wannan fiffike sai su ragu ƙwarai. Ya ɗauka fiffiken ne ke aika saƙo a haifi ƙwayoyin, in babu shi ba za a haife su ba. Rita ta ga wannan gwaji ne da ba ya bukatar babban gini ko izinin minista. Ƙwai kawai yake bukata, da ido, da haƙuri.

Ta share gefe guda na ɗakin kwananta. Ta sami madubin likita, da ƙaramin akwatin ɗumi da ke tsayawa a madadin kaza mai kwanci. Wanta Gino ya harhaɗa mata wani akwatin gilashi mai riƙe zafi, wanda take zura hannu ciki ta yi aiki. Allurar ɗinki ta wasa a dutse ta zama wuƙar fiɗa. Sai ta huda taga ƴar ƙarama a ɓawon ƙwan da ya kwana 3 a ɗumi, lokacin da ɗan tsakon bai fi ƙwayar shinkafa ba, ta cire tsiron ƙafa ko na fiffike, ta toshe tagar, ta mai da ƙwan. Daga nan kullum ta fasa wasu, ta yanka, ta rina, ta ƙidaya. Malaminta Giuseppe Levi, wanda shi ma aka kora, ya gudo daga Beljik ya same ta a wannan ɗaki, tsohon farfesa ya zama mataimakin ɗalibarsa. In jiragen yaƙi suka taso, ta rungumi madubin ta sauka ɗakin ƙasa da shi.

Da ruwan bama-bamai ya tsananta a Torino, iyalin suka koma wani gidan ƙauye a tuddan Asti, ta sake kafa kayanta a kan ɗan tebur. Ƙwai ya yi wuya saboda yaƙi. Sai ta riƙa hawa keke tana bin gidajen manoma tana roƙon su sayar mata domin ƴaƴanta, ita da ba ta da ɗa ko ɗaya, tana kuma tambaya ko akwai zakara cikin kajin, wai ƙwan da ke da zakara ya fi gina jiki. Bayan an gama awo, sauran ƙwan ba a zubarwa, soyawa ake yi a ci. An ce ran da Gino ya gano daga inda wainar ƙwan ke fitowa, bai ƙara taɓa ta ba.

Abin da ƙidayar ta nuna ya saɓa wa fassarar Hamburger. Ƙwayoyin jijiyar ana haifarsu daidai, suna girma, suna miƙa zarensu zuwa inda ƙafar ya kamata ta kasance, sa'an nan su shiga mutuwa, kamar garken da ya isa mashaya ya tarar rijiya ta ƙafe. Ashe gaɓar ba haifar da su take yi ba, wani abu take ba su da ke riƙe ransu. Mene ne wannan abu? Amsar ta ɗauki fiye da shekara 10. Mujallun Italiya ba su karɓar rubutun Bayahude, don haka a Beljik da kuma fadar Paparoma aka buga sakamakon.

Sansanin Florans

A watan Satumba na 1943 sojojin Jamus suka mamaye arewacin Italiya, aka shiga kama Yahudawa ana cusa su jirgin ƙasa zuwa sansanonin kisa. Kusan 7,500 daga cikin Yahudawan ƙasar ba su komo ba. Iyalin Levi suka nemi tsallakawa Suwizalan, hanya ta ƙi, suka yi kudu suka sauka Florans da sunayen ƙarya. Rita ta zama Rita Lupani. Hannun nan da ya saba da aikin allura, shi ta sa wajen buga wa wasu masu ɓuya takardun shaida na jabu.

Sojojin Ingila da Amurka da abokansu sun karɓe Florans a watan Agusta na 1944. Rita ta kai kanta gare su, ta ce ita likita ce, a ba ta aiki. Aka tura ta wani tsohon barikin soja inda ake jibge ƴan gudun hijirar da manyan motoci ke kwasowa daga bakin daga: tsofaffi, mata da jarirai, ga yunwa ga sanyi. Ita ce likita, ita ce mai jinya. Ruwan sha ya gurɓata, zazzaɓin taifot ya ɓarke, kuma maganin da ke kashe ƙwayar cutar bai fara aiki a asibitoci ba sai 1948. Abin da take da shi shi ne ta tsaya kan mara lafiya, ta ba shi ruwa, ta gyara masa kwanciya, ta kuma kalli yadda yake tafiya. Ta zauna har yaƙi ya ƙare a 1945.

Daga wannan sansani ba ta ƙara duba mara lafiya ba. Ta bayyana daga baya cewa ba ta da taurin zuciyar da likita ke bukata domin ya ga mutuwa yau ya komo aiki gobe. Wasu za su kira wannan gazawa. Amma wanda ya taɓa shiga ɗakin yara na asibitin Magarya a tsakiyar damina ba zai yi saurin yanke mata hukunci ba. A watan Satumba na 2018, ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara aiki a can tun 2005, ta ba da sanarwar cewa a wata guda an yi ta rasa yara wajen 10 a kowace rana, akasari saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa, yayin da fiye da 700 ke kwance. A irin wannan wuri, mai zama bayan madubi yana ceton rai kamar mai riƙe da allura, domin yaron da zazzaɓi ya shanye wa jini ba a ƙara masa wani sai ɗakin awo ya faɗi rukunin jininsa, ya kuma tabbatar na mai bayarwa ba ya ɗauke da cuta.

Ɓeraye biyu da dafin maciji

Hamburger ya karanta rahoton matar da ta ƙaryata fassararsa, kuma maimakon ya ji haushi sai ya gayyace ta. A 1947 ta shiga jirgin ruwa zuwa jami'ar Washington da ke St. Louis, ta Amurka ba ta Senegal ba, da niyyar yin ƴan watanni. Shekara 30 ta yi.

Wani tsohon ɗalibin Hamburger, Elmer Bueker, ya taɓa dasa ƙarin ciwon daji na ɓera a jikin ɗan tsako, ya ga jijiyoyi sun yi masa caa. Rita ta maimaita gwajin, ta ga har gaɓoɓin da ke nesa da ƙarin sun cika da zaren jijiya, alamar cewa wani abu ne yake zubawa cikin jini. A 1952 ta ɗauki ɓeraye 2 masu wannan ƙari, ta ɓoye su a jikinta ta shiga jirgin sama zuwa Rio de Janeiro ta ƙasar Burazil, wurin wata ƙawarta, Hertha Meyer, wadda ta iya rainon tsoka a cikin gilashi. Suka ajiye ɗan guntun jijiya kusa da ɗan guntun ƙari. Kafin kwana ya zagayo, zare ya fito ta ko'ina a kewayen jijiyar, kamar yadda yara ke zana rana.

Gane ko mene ne abin ya faɗa hannun wani matashin masanin sinadarai, Stanley Cohen, wanda ya zo a 1953. Wata rana ya zuba dafin maciji cikin ruwan ƙarin domin ya tace shi, sai ga dafin kansa ya fi ƙarin tsirar da jijiya nesa ba kusa ba. Tun da gurbin dafi ɗan uwan gurbin miyau ne, Cohen ya duba na ɓera, ya tarar abin jibge a gurbin miyau na namijin ɓera. Suka raɗa masa suna NGF, wato sinadarin tsirar jijiya. Domin su rufe bakin masu shakka, suka yi wa jariran ɓeraye allurar da ke kashe ƙarfin wannan sinadari, sai wani rukuni na jijiyoyinsu ya lalace kusan gaba ɗaya. Cohen ya ci gaba ya gano na biyu, EGF, mai sa fata girma, wanda saninsa ya kai ga wasu magungunan ciwon daji. A 1986 aka ba su Nobel tare. Ita ce mace ta 4 da ta samu a fannin likitanci.

Rigarta ba ta rasa tabo ba. Ta yi hulɗa da kamfanin magani na Fidia, wanda ya ci moriyar sunanta wajen tallar wani maganin jijiya mai suna Cronassial da ake haɗawa daga ƙwaƙwalwar shanu. An yi cinikinsa sosai, har hukumomin Italiya suka janye shi a 1993 bayan an zarge shi da haddasa wa wasu shanyewar jiki. A 1995 wata jaridar Suwidin, Dagens Nyheter, ta yi zargin cewa kamfanin ya yi kamun ƙafa domin a ba ta kyautar. Kwamitin Nobel ya musanta, kuma ba a tabbatar da zargin ba. Binciken NGF ya tsaya da ƙafarsa, amma jingina sunanta ga wancan magani kuskure ne, kuma masu fataucin magani sun san yadda babban suna ke sayar da kwali.

Ƴan matan Afirka

Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, kuma ta sha faɗa cewa zaɓinta ne. A 1992 ita da Paola suka kafa wata gidauniya domin tunawa da mahaifinsu, mutumin nan da ya fara hanawa sa'an nan ya bari. Daga 2001 gidauniyar ta mai da hankali ga ɗaukar nauyin karatun ƴan mata da matan Afirka, musamman a Habasha, ƙasar da Mussolini ya ɓarnata, kuma dubbai sun amfana, da yawansu a fannin jinya da unguwarzoma. Tun 1999 kuma ta karɓi aikin jakadiyar sa kai ta hukumar abinci ta duniya, FAO.

Hujjarta ba ta da wuyar ganewa a jihar Damagaram. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna cewa a Nijar kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka domin kare yarinyar da ke cikin karatu, amma takardar Yamai ba ta shiga zaure ta yi magana da maigida. Yarinyar Dogo-Dogo da ke son aikin likita dole ta bar gida, ta sami mai riƙonta a Magarya ko Damagaram, inda makarantar koyon aikin kiwon lafiya ta ƙasa take, sannan a sami mai biyan kuɗin abinci da na littafi shekara da shekaru. Sau da yawa uban da ya cire ƴarsa daga aji shi ne kuma mijin da ba ya son namiji ya duba matarsa a gidan likita. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, ƴar wa za ta duba ta?

A ran 1 ga watan Agusta na 2001 shugaban Italiya, Carlo Azeglio Ciampi, ya naɗa ta ƴar majalisar dattawa ta har abada, tana da shekara 92. An zaci kujerar girmamawa ce. Amma daga 2006 zuwa 2008 gwamnatin Romano Prodi ta kasance da rinjaye ɗan ƙanƙane, ƙuri'a ɗaya na iya kayar da ita, tsohuwar kuwa ba ta fashin zama ko da za a kai tsakar dare. Ta mara wa gwamnatin baya, amma ta yi barazanar juya mata baya in aka rage kuɗin bincike a kasafin shekara. A 2007 wani ɗan adawa, Francesco Storace, ya yi mata ba'a cewa zai aika mata da sandunan guragu. Ta mai da masa amsa a jarida cewa hankalinta garau yake, kuma irin wannan magana tana tuna mata zamanin da ta riga ta gani.

Idonta ya dushe, kunnenta ya yi nauyi, amma ta ci gaba da zuwa cibiyar binciken ƙwaƙwalwa ta EBRI da ta kafa a Roma a 2002, inda akasarin masu aiki a ƙarƙashinta ƴan mata ne. Su ke duba madubi su faɗa mata abin da suka gani, ita ta faɗa musu abin da za su gwada gobe. Bayan rasuwarta aka mai da ita Torino, kusa da Paola da ta riga ta tun 2000. A 2017, shekara 65 bayan tafiyar ɓerayen nan zuwa Rio, hukumomin Turai suka amince da wani magani da aka haɗa da NGF, mai suna Oxervate: ɗigon ido ne, domin masu gyambon baƙin ido wanda mutuwar jijiya ke haddasawa.